Riƙon Babbar Jif a Ƙauye: Daga Ranar Saye Zuwa Ranar Rabuwa da Ita

A karkarar Kano da Jigawa babbar jif tana aikin da ya fi ƙarfin ƙaramar mota. Ita ce ke kai manomin shinkafa fadamar Auyo a tsakiyar damina, ita ce ke ratsa rairayin Sule Tankarkar da Maigatari da mai sayen riɗi, ita ce kuma ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta zo wa wata da gardama. Matsalar da nake gani a wajen masu ita ɗaya ce, kuma daga ƙarfin motar take tasowa. Land Cruiser, Prado da Lexus suna da juriyar da ke ɓoye cuta. Ƙaramar mota in ta samu matsala takan tsaya nan take, dole a duba ta. Wannan kuwa, kamar raƙumi, sai ta yi wata da watanni tana tafiya da ciwo a jikinta ba ta nuna ba, ranar da ta durƙusa kuma kuɗin gyaran ya isa sayen wata motar. Saboda haka wanda zai riƙe ta sai ya riƙa yi mata hidima bisa lokaci da lissafin kilomita, kada ya jira ta yi ƙara.

Fara da lissafin abin da za ta ci

Kafin ka je wajen dillali, ɗauki biro. Lexus LX 570 mai injin lita 5.7 tana yin wajen kilomita 6 a litar fetur ɗaya a kan kwalta, a cikin rairayi da esi a kunne kuma ta fi haka sha. Daga Kano zuwa Haɗejia wajen kilomita 200 ne, zuwa da dawowa ke nan kana maganar lita 65 zuwa 70. Ninka wannan da farashin lita a gidan man garinku yau. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan lissafin ne ya sa jif da yawa suka koma zaman rumfa, ƙura na hawansu. Ƙara da baƙin mai, wanda wannan injin ke shan kusan lita bakwai da rabi a kowane juye. Ƙara da tayoyi. Ma'aunina shi ne, in ba za ka iya sayen sababbin tayoyi huɗu a rana ɗaya ba sai ka fitar da hatsi daga sito tun farashi bai tashi ba, to wannan motar ta fi aljihunka, ka sauko zuwa Prado ko Hilux, babu abin kunya a ciki.

Sai zaɓen iri. Land Cruiser samfurin 200 an yi ta daga 2007 zuwa 2021, kuma LX 570 a kan sasi ɗaya aka gina su, sai dai Lexus ta fi kayan alatu da na'urori. Prado samfurin 150 ta fito a 2009 ta kai 2023, da injin fetur na lita 2.7 ko 4.0, ko na gas. Lexus GX 460 'yar uwarta ce mai injin lita 4.6. Range Rover ta fi su daɗin zama, wannan ba gardama, amma ƙafafunta a kan jakar iska suke, lantarkinta kuma yana son gwani da kwamfuta a kusa. Wanda ke zaune a Birniwa ko Guri ya tambayi kansa nisan da ke tsakaninsa da wannan gwanin.

In ni za a tambaya, motar ƙauye ita ce mai ƙarancin na'ura: Prado mai lita 4.0, ko Land Cruiser 200 mai sifirin na ƙarfe, da rim mai inci 17 ko 18. Injin 2.7 yana da tsawon rai, amma idan an cika motar da mutane aka shiga rairayi za ka ji yana nishi. Rim mai inci 20 ko 21 na birni ne. Tayarsa ba ta da kauri a gefe, rami ɗaya a hanyar burji ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa rim ɗin.

Takardu kafin fenti

Ranar dubawa kada ka fara da kujeru da ƙamshin ciki. Fara da takardar kwastam. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, mu kuma da ke kusa da iyakar Nijar mun san motoci ba su daina ratsowa ta daji ba. Mota mai arha fiye da kima, wadda dillali ke cewa "takardu suna hanya, Alhaji", ka bar masa kayarsa. Ɗauki lambar sasi, mai haruffa da lambobi 17, ka je ofishin kwastam da kanka a tabbatar an biya mata haraji. Sannan ka durƙusa ka duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen sasin, galibi ta wajen tayar gaba ta dama, ka ga ta yi daidai da ta takarda, kuma babu alamar walda ko gurza a kewayenta.

Akwai kuma canjin fuska. Ana ɗaukar LX 570 ta 2010 a sauya mata fitilu, bamba da gaban gaba ɗaya, ta koma kamar ta 2018. Yin hakan ba laifi ba ne idan an faɗa maka, laifin shi ne a sayar maka da ita a farashin sabuwa. A motocin da suka fito daga Amurka, harafi na goma a lambar sasi shi ke nuna shekara: A na nufin 2010, D 2013, G 2016, J kuma 2018. Da wannan lambar ne kuma za ka sa wani yaro mai wayo ya bincika maka tarihinta a intanet, domin da yawa daga cikin motocin Amurka daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci aka sayo su. Wadda ta yi hatsari ana iya gyara ta ta yi lafiya. Wadda ambaliya ta shanye kuwa lantarkinta ba ya daina ba da wahala. Ɗaga kafet na ƙasa ka shinshina, duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa.

Daga nan a hau da ita rami ko a ɗaga ta. Je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. A nemi ɗigar mai a injin, giyabos da aksul, a duba sasi ko an taɓa miƙe shi. A sa mata kwamfuta, domin akwai masu cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada ta kama. Idan ka murɗa makulli kafin injin ya tashi, dukkan fitilun gargaɗi su kama, sannan su mutu bayan ya tashi. A ƙarshe a fita da ita kan ƙasa a gwada giyar ƙarfi, wato L4, da makullin tsakiya, wanda ke ɗaure ƙafafun gaba da na baya su juya tare. Idan fitilarsu ta tsaya tana ƙiftawa ba ta zauna ba, akwai gyara mai tsada a gabanka, a rage shi daga farashi.

In an daidaita, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin mallaka zuwa sunanka, a yanki inshora ta gaskiya. Mafi ƙarancinta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta koma naira 15,000 a shekara tun Janairun 2023, amma motar da ta kai wannan daraja ta cancanci cikakkiyar inshora. Idan gilashinta mai duhu ne, a nemi izinin 'yan sanda.

Makon farko

Kada ka yarda da "ba a daɗe da yi mata juye ba". Zubar da komai ka sa sabo: baƙin mai da filtarsa, man aksul na gaba da na baya, man akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, man birki, ruwan lagireto. Man giyabos a duba launinsa da warinsa, a canza da irin wanda kamfani ya rubuta, wanda a yawancin waɗannan motoci shi ne mai alamar WS. Idan injinka 4.7 ne na fetur ko 3.0 na gas irin na Prado, bel ne ke juya masa lokaci, kuma ana canza shi a wajen kilomita 150,000. In ba ka da shaidar an canza, canza shi. Injinan 4.0, 4.6 da 5.7 sarƙa gare su, ba su da wannan damuwar.

Sannan ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun gaban mota. Duk abin da aka yi mata a rubuta kwanan wata, kilomita, da sunan abin da aka sa. Wannan littafin zai raba ka da gardama da direba, kuma ranar sayarwa zai ƙara maka kuɗi.

Hunturu: ƙura

Abin da ya fi kashe injin a ƙasarmu ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska kanta ƙura ce, ga kuma wadda motar ke tayarwa a hanyar burji, musamman in ana tafiya a ayari, mota na bin bayan mota. Injin babba yana zuƙar iska mai yawa, kuma tsakaninsa da wannan ƙurar babu komai sai filtar iska ta takarda.

Ga gwajin da nake so kowane mai jif ya iya da hannunsa. Buɗe bonet, ɓalle maƙallan akwatin filtar, ɗaga murfin. Kada ka tsaya kallon filtar kawai. Sa yatsa ka shafo cikin murfin, ɓangaren da iska ke bi bayan an tace ta, har bakin bututun da ke shiga injin. Ya kamata yatsanka ya fito tas. Idan ya fito da jan gari mai laushi kamar hoda, to ƙura tana wucewa, ko dai filtar jabu ce, ko robar gefenta ba ta zauna daidai ba, ko an bar maƙalli ɗaya a buɗe. Wannan garin shi ke cinye zoben fistin a hankali har mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Yaran gareji suna son hura filta da iskar kwamfiresa mai ƙarfi don ta yi fari. Hakan yana huda takardar da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. A bubbuga ta a hankali ƙurar ta zube, in ta yi nauyi a sa sabuwa. Ajiye guda ɗaya a but kullum.

Juye kuma a yanayinmu kada ya wuce kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, ko da an rubuta a jikin galan cewa man yana kai 10,000. Kaurin man a bi abin da ke rubuce a murfin zuba mai ko a littafin motar. Al'adar zuba mai kauri a kowane injin wai don "zafin ƙasarmu" ta dace da tsofaffin motoci, amma waɗannan injinan suna da ƙananan hanyoyin da mai kauri ba ya ratsawa da sauri da safe. Jabun baƙin mai ya yi yawa a kasuwa, don haka saya a wajen babban dila, ka tsaya a buɗe galan a gabanka, in an gama kuma ka huda shi kada a sake cika shi a sayar wa wani. Filtar esi tana bayan aljihun gaban mota, mutane da yawa ba su ma san da ita ba, sai su yi ta ƙara gas alhali ita ce ta toshe.

Bazara: zafi

A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a Gumel da Haɗejia, a nan ne kuma za ka ji shawarar da ta fi kowace illa. Allurar zafi ta ɗan ɗaga, ka kai gareji, bakanike ya ce, "Alhaji, tamostat ne. Na ƙasar sanyi ne wannan, mu nan cirewa muke yi." Ka ce masa, "A'a Malam, bar shi, nemo abin da ya kawo zafin." Tamostat shi ke riƙe injin a zafin da aka tsara masa. In an cire shi, kwamfutar motar takan ɗauka injin bai yi ɗumi ba, ta riƙa ƙara masa fetur, shan mai ya ƙaru, ainihin cutar kuma tana nan. Idan ya lalace a sa sabo, ba shi da tsada.

Ainihin cutar galibi a lagireto take. Ciyawa, ƙaiƙayi da ƙarangiya sukan cushe tsakanin lagireto da na esi da ke gabansa, inda ido ba ya kaiwa. Bayan kaka a kwance a wanke tsakanin da ruwa marar ƙarfi. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma ba ruwan lagireto ba ne, yana barin farin gishiri da tsatsa a ciki. A sa ruwan kamfani mai launin hoda-hoda, kada kuma a gauraya shi da wani launi. A Land Cruiser 200 da LX 570 a riƙa duba robar saman lagireto, domin an san ta da tsagewa in ta tsufa. Idan ruwa na raguwa kuma ba ka ga inda yake ɗiga ba, a injinan 4.6 da 5.7 a haska tocila a kwarin da ke tsakiyar injin da bayansa, busasshen ruwa mai launin hoda a wurin alama ce ta yoyo. Ga direba kuma doka ɗaya: allura ta wuce rabi, a tsaya. "Bari mu ƙarasa gari" ita ce ke ƙona gaskit.

Zafi yana cin batir, shekara biyu zuwa uku ya gama. Yana cin taya ma. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Taya 'yar Beljiyam mai zane mai kyau amma ta shekara bakwai, a ƙarƙashin motar da ta haura tan biyu da rabi, tana gudun 120 a kan kwalta mai zafi, wannan ganganci ne da rayukan mutane. A nan kam ba na sassautawa. Sayi sabuwa mai ƙarfin gefe, wadda aka yi don kwalta da ƙasa, saboda ƙayar aduwa da kututturen dawa. Tayoyin huɗu su zama girma ɗaya kuma iri ɗaya, domin ƙafafu huɗun duk suna ja a kowane lokaci. Safaya tana ƙarƙashin mota a yawancinsu, a sauko da ita lokaci-lokaci a duba iskarta, kada sarƙarta ta ci tsatsa ta ƙi sauka ranar buƙata.

Mai

Zauna da gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su, ka cika tanki kafin ka bar kwalta. Man 'yan bumburutu a galan sai in dole ta kama, kuma a tace shi. Kada ka saba barin tanki ya yi ƙasa da kwata, saboda famfon mai a cikin tankin yake kuma man ne ke sanyaya shi. Mai injin gas ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan: nozul ɗinsa ba sa jure ruwa ko datti ko kaɗan, kuma saitinsu kuɗi ne mai yawa. Akwai fitilar da ke nuna ruwa ya taru a filtar gas. In ta kama, a tsaya a zubar da ruwan a lokacin.

Rairayi, laka da ruwa

Abin mamaki ne yadda mutum zai sayi motar da aka ƙera don daji, ta kafe a rairayin bakin kasuwa, yara su taru suna turawa, alhali maɓallan da za su fitar da ita suna gaban direba bai taɓa taɓa su ba. Zauna da direbanka ku koya tare.

Kafin a shiga rairayi mai zurfi, a rage iskar taya daga 33 ko makamancin haka zuwa wajen 20. Tayar takan baje ta hau saman rairayin maimakon ta haƙa shi. A danna makullin tsakiya, a kashe na'urar hana sulɓi domin takan rage wa injin ƙarfi daidai lokacin da ake nemansa, a tafi da gudu matsakaici ba tare da birki ko juya sitiyari da ƙarfi ba. In ta fara nutsewa, a ɗaga ƙafa daga totur. Ƙara wuta binne ta yake yi har cikinta ya zauna a ƙasa. A tsaya cik, a sa giya a N, a murɗa zuwa L4, a jira fitila ta zauna, a share rairayin gaban tayoyi da shebur, sannan a koma da baya a kan sawun da aka shigo. Da an hau kwalta a mayar da H4, giyar tafiyar yau da kullum, a saki makullin tsakiya, a mayar da iska. Wannan ya sa ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, ma'aunin iska, shebur da igiyar ja mai ƙarfi suka zama kayan cikin but na dindindin. Igiyar a ɗaura ta a ƙugiyar da aka tanada a jikin sasi. Ko ba a shiga daji ba, sau ɗaya a wata a samu fili a sa L4 da makullin a yi 'yar tafiya, saboda in sun daɗe ba a motsa su ba sukan ƙame.

Ruwa ya fi rairayi haɗari. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa, yadda ruwa ya yanke hanyoyi a yankunan Ringim da Haɗejia, ya san kwalbati kan tafi a bar rami a ƙarƙashin ruwan da ke kama da shimfiɗa. Kamfani ya ce Land Cruiser 200 da Prado 150 suna iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, wato ya ɗan haura gwiwar babban mutum, kuma wannan a ruwa mai kwanciya ne. Ruwa mai gudu kada a gwada shi. A sa wani ya shiga da sanda ya auna, a tambayi mutanen wurin, a shiga a hankali da L4. Idan injin ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake tayar da shi. Ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, murɗa makulli sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarfen fistin. A jawo ta waje, a buɗe akwatin filtar iska, a cire filogi a fitar da ruwan tukuna.

Bayan kowace shiga ruwa ko laka a wanke ƙarƙashinta sosai, a duba man aksul. In ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, a canza. A matsa giris a kan furofela, tana da 'yan nonuwa da aka yi don haka, waɗanda yawancin masu juye ba sa kulawa da su. Mai Land Cruiser ta gas mai lita 4.5 ya sani cewa altanetarta a ƙasa-ƙasa take, laka na saurin kashe ta.

Ƙafafu da kaya

LX tana da tsarin AHC, wanda ke ɗaga mota ya sauke ta da ƙarfin wani mai na musamman. Man nan nasa ne shi kaɗai. An sha zuba masa man birki ko na giya, robobin ciki su lalace gaba ɗaya. Ana canza shi a wajen kilomita 100,000. Idan motar ta fara tsalle-tsalle a kan ƙananan ramuka, galibi ƙwallayen iskar gas da ke cikin tsarin AHC ɗin ne suka mutu, ba shokozoba ba. Wasu Land Cruiser, Prado da GX kuma suna da KDSS, tsarin da ke rage karkatar mota a kwana, shi ma ba a kwance bututunsa a garejin da bai san shi ba.

Girman motar kan sa a manta cewa ba a-kori-kura ba ce. Abin da aka yarda ta ɗauka bai wuce kilo 600 zuwa 700 ba, har da mutanen ciki. Manya biyar da buhun shinkafa uku sun cika ma'aunin. Taki da amfanin gona a nemo musu wata motar.

Direba, aro da ɓera

A ƙauye ba a hana aron mota, kuma bai kamata a hana ba. Ɗaukar amarya, kai marar lafiya, zuwa ta'aziyya, duk haƙƙin maƙwabtaka ne. Abin da za ka yi shi ne ka ba da ita tare da direbanta, kada makulli ya riƙa yawo hannu-hannu. Direban kuma ka riƙe shi da mutunci, ka biya shi a kan lokaci, ka sa ya saba duba mai, ruwa da taya kowace safiya. Idan ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, ina jin wata ƙara a ƙafar gaba," kada ka yi masa kallon mai neman kuɗi. In ka kore shi sau biyu, ba zai sake faɗa ba.

Kada a ajiye ta kusa da rumbu ko sito. Ɓeraye suna son ɗumin injin, kuma wayar da suka ci a dare ɗaya kan sa mai wayarin ya kwana uku yana nema. Kada a bar abinci a ciki, a riƙa buɗe bonet ana dubawa. Mota mai zama kuma a fita da ita ko sau ɗaya a mako ta yi tafiyar da za ta yi zafi sosai, kunna ta a tsaye na minti biyar ba ya wadatarwa.

Faci, juye da birki ana iya yin su a garinku. Giyabos, lantarki da AHC a kai su Kano wajen wanda ya ƙware a irin motar, ko da za a kwana. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano akwai sabo na asali, akwai jabu, akwai na Beljiyam, don haka a je da lambar sasi da tsohon kayan a hannu. Ƙofa, fitila ko madubi na Beljiyam ba laifi. Birki, bel, famfon ruwa, filta da boljoyin kuwa sai sababbi.

Lokacin rabuwa

Yawan kilomita kaɗai ba dalilin sayarwa ba ne, waɗannan injinan suna wuce 400,000 in an kula da su. Buɗe littafinka ka tara abin da ka kashe a gyara cikin wata goma sha biyu, ban da mai da juye. Idan shekara biyu a jere adadin yana hawa, kuma manyan abubuwa sun fara layi, giyabos na fizga, injin na shan baƙin mai, ƙafafu na neman kuɗi, to ka sayar tun tana tafiya da ƙafarta. Haka nan idan ka fara jin tsoron tura ta Kano da marar lafiya da dare, ko kuma tana yin mako uku a rumfa saboda kuɗin mai. Sasin da ya tsage ko ya ruɓe kuwa ba a yi masa kwaskwarima.

Lokacin kaka da bayanta kuɗi sun fi yawo a hannun mutane, ciniki ya fi kyau. Gyara ƙananan abubuwa, wanke ta, amma kada ka yi mata sabon fenti, mai saye zai zaci hatsari ake ɓoyewa. Faɗi aibinta, addini ma ya wajabta hakan, ka miƙa littafin. Ku yanke la'adar dillali tun farko.

Idan za ka hau sama zuwa Land Cruiser 300 ko LX 600, waɗanda suka fito daga 2021, ka sani an bar injin silinda takwas an koma shida mai tabo biyu. Suna da ƙarfi kuma sun ɗan fi sauƙin shan mai, amma ba sa yafe jabun baƙin mai ko jinkirin juye kamar tsofaffin. A 2024 Toyota ta yi kiranyen wasu LX 600 na 2022 da 2023 a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin tun daga masana'anta, don haka in irinta za ka saya, a bincika da lambar sasi ko tana cikinsu kuma ko an yi mata aikin.

Ranar miƙa makulli, kada motar ta bar ƙofar gidanka sai kuɗi sun shiga asusunka ka gani a banki, ba a saƙon waya kawai ba. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar sasi, kwanan wata da sa'a, shaidu biyu su sa hannu, ka riƙe kwafin katin shaidar mai saye. Cire na'urar bibiya in ka sa, ko ka mayar da ita sunansa, ka sanar da kamfanin inshora, sannan ka bi shi har sai an kammala canjin mallaka a ofishin lasin, domin muddin takardu na ɗauke da sunanka, duk abin da aka aikata da motar ƙofarka za a fara bugawa.